Me Yahudawan Turai Suka Yi wa Hitila?

Ranar 23 ga Yulin 1944 sojojin Jamus suka tasa ƙeyar Yahudawan tsibirin Rodos, su kimanin 1,700, zuwa bakin teku, suka cusa su cikin ƙananan jiragen dakon kaya. Rodos yana can kusa da gaɓar Turkiyya, kuma akasarin Yahudawansa jikokin waɗanda aka kora daga Andalus ne a 1492, har a lokacin wani tsohon Sifaniyanci suke yi a gidajensu. Masu shaguna ne da teloli da 'yan dako, da matansu da tsofaffinsu da yaransu. Jiragen suka ratsa ta tsibirin Kos suka ɗebi wasu kusan ɗari, suka yi fiye da mako a kan ruwa kafin su kai tashar birnin Atina. Daga can aka loda mutanen a taragon dabbobi. Ranar 16 ga Agusta suka isa sansanin Auschwitz a ƙasar Foland, a ranar kuma aka hallaka mafi yawansu da iskar guba. Kimanin 150 ne kawai suka ga ƙarshen yaƙin.

A dubi halin da Jamus take ciki a wannan wata. Sojojin Ingila da Amurka sun sauka a Faransa tun 6 ga Yuni. Birnin Rum ya faɗi. Dakarun Sobiyet sun ragargaza babbar rundunar Jamus a Belarus, sun doshi Warsaw. Kwana uku kafin a kwashe mutanen Rodos, wasu hafsoshi suka dana wa Hitila bam ya tsallake rijiya da baya. Ƙasar da mai ke yi wa ƙaranci, wadda kowane tarago take buƙatarsa don kai harsashi bakin daga, ita ce ta ware jirgi da mai da masu gadi don ɗauko tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙasar Jamus ba, a yi tafiyar sama da mako uku da ita domin kawai a kashe ta. Duk mai son gane dalilin kisan ƙare dangin da ya ci Yahudawa kimanin miliyan shida, sai amsarsa ta iya bayyana wannan tafiya.

Amsar da na fi ji a wajen mutanenmu, a majalisa ko a Facebook, ita ce ruwa ba ya tsami banza: tabbas akwai abin da suka yi masa, wai sun mamaye bankuna ne sun shaƙe wa Jamusawa wuya. Wannan magana tana ɓata mini rai, domin ita ce ainihin abin da masu kisan suka so duniya ta yarda da shi. A 1933 Yahudawan Jamus ba su wuce rabin miliyan da 'yan kai ba a cikin mutum sama da miliyan 65, wato ko kashi ɗaya cikin ɗari ba su kai ba. Gaskiya ne ana ganin su sosai a aikin likita da lauya da jarida da wasu bankuna da manyan kantunan Balin, domin sun daɗe a birane, kuma an yi ƙarnoni ana hana su mallakar gona da shiga ƙungiyoyin masu sana'a. Amma Yahudawan Jamus da aka kashe kusan 165,000 ne. Sauran miliyoyin ba 'yan Jamus ba ne. Kimanin miliyan uku 'yan Foland ne, galibinsu talakawa tilis: masu gyaran takalma, masu tura amalanke, 'yan tireda a ƙananan garuruwa. Wanda bankin Balin ya dama ba zai je ya tono maɗinki a ƙauyen Lituweniya ba.

Wasu kuma sukan ce wani likita Bayahude ne ya yi sanadin mutuwar uwar Hitila, shi ya sa ya ƙullace su. Likitan nan sunansa Eduard Bloch, shi ya yi jinyar uwar har ta rasu da ciwon daji a 1907, kuma Hitila godiya ya yi masa. Bayan Jamus ta haɗiye Austiriya a 1938 an ba shi kariya ta musamman, aka bar shi ya tafi Amurka a 1940. Hafsan da ya ba da sunan Hitila aka ba shi babbar lambar jarumta a 1918, Hugo Gutmann, shi ma Bayahude ne. Ƙiyayyar ba daga wani rauni na kansa ta fito ba.

Tsohuwar ƙiyayya ce ya tarar a Turai. Coci ya daɗe yana koyar da cewa Yahudawa ne suka kashe Almasihu. A 1215 babban taron cocin Katolika ya umarta su riƙa sa tufafin da zai bambanta su. Da annoba ta share Turai a 1348 da 1349, aka ce su suka zuba guba a rijiyoyi, aka ƙone ɗaruruwansu a Strasbourg. Ingila ta kore su a 1290, Sifen a 1492, Martin Luther kuma ya rubuta a 1543 cewa a ƙone wuraren ibadarsu. Duk da munin wannan, akwai ƙofa guda a buɗe: wanda ya yarda aka yi masa baftisma yakan tsira, ko da ana ci gaba da yi masa kallon hadarin kaji.

A ƙarni na 19 aka rufe ƙofar. Wasu masu kiran kansu masana suka fito da cewa 'yan Adam jinsi-jinsi ne, wani bisa wani, rayuwa kuma kokawa ce tsakanin jinsuna, mai ƙarfi ya ci ƙasa da abinci, mai rauni ya gushe. A wannan lissafi Bayahude jini ne, ba addini ba, jini kuwa ba ya wankuwa. Dokokin Nuremberg na 1935 da ƙa'idojin da suka biyo bayansu kakanni suke ƙirgawa: mai kakanni uku ko huɗu Yahudawa Bayahude ne, ko da bai taɓa shiga wurin ibadarsu ba. Edith Stein, masaniyar falsafa, ta karɓi Katolika a 1922, ta shiga gidan zuhudu a 1933. A Agustan 1942 aka ɗauko ta daga gidan zuhudu a Holan, cikin tufafinta na masu zuhudu, aka kashe ta a Auschwitz.

Ya kamata matashin da ke liƙa hoton Hitila a shafinsa ya san inda wannan lissafi ya ajiye shi. Tun tsakanin 1904 da 1908 sojojin Jamus sun gwada kisan ƙare dangi a kan Herero da Nama a ƙasar da ake kira Namibiya yau. A 1937 'yan Nazi suka tattara ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka na rundunar Faransa suka haifa da matan Jamus a yankin kogin Rhine, suka yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya. Hitila ya rubuta cewa Yahudawa ne suka kawo baƙaƙen fata yankin don su gurɓata jinin Bature. A Mayu da Yunin 1940, sojojin Jamus sun riƙa ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma daga cikin fursunonin Faransa suna bindigewa, ciki har da waɗanda aka kashe a Chasselay kusa da Lyon. Haka suka yi wa Romawa masu yawo, suka kashe aƙalla dubu ɗari biyu da hamsin.

Sai dai raini kaɗai ba ya kai mutum ga abin da aka yi wa Yahudawa. Wanda ka raina bautar da shi kake yi. Yahudawa kuwa tsoron su 'yan Nazi suke yi, kuma tsoron nan a 1918 aka haife shi. A nan, a ganina, zuciyar maganar take.

Jamus ta yi shekara huɗu tana yaƙi, ta rasa sojoji kusan miliyan biyu, jiragen Ingila sun tare mata teku har yunwa ta kashe ɗaruruwan dubban farar hula. Jaridu kuwa nasara suke ta shela, ga Rasha ta miƙa wuya a Maris 1918. Kwatsam a Nuwamba aka ce an sha kashi, alhali sojan abokan gaba bai shigo cikin ƙasar ba tukuna. Gaskiyar ita ce Janar Ludendorff da kansa, a ƙarshen Satumba, ya gaya wa gwamnati a nemi tsagaita wuta domin rundunar ta gaza. Amma laifi tudu ne. Janar-janar suka juya suka ce ba a ci su a fagen fama ba, daga gida aka soke su da wuƙa ta baya, kuma babbansu Hindenburg ya maimaita wannan a gaban kwamitin majalisa a Nuwamban 1919. Su wa suka soke su? Aka ce 'yan gurguzu da Yahudawa. Tun a 1916 ma ma'aikatar yaƙi ta sa aka ƙidaya Yahudawan da ke cikin soja, don ana zargin suna zillewa daga bakin daga, ba ta kuma fitar da sakamakon ba. Kimanin 100,000 ne suka yi wa Jamus yaƙi, 12,000 suka mutu a kanta. Hakan bai hana ƙaryar kama ƙasa ba.

Hitila yana kwance a asibitin soja, iskar guba ta taɓa masa idanu, labarin faɗuwar ya same shi. A Satumban 1919, a wata wasiƙa da ya rubuta wa wani soja mai suna Adolf Gemlich, ya riga ya ce manufa ta ƙarshe ita ce a kawar da Yahudawa baki ɗaya. Abin da ya ɗauka daga 1918 shi ne Jamus za ta sake yin yaƙi don neman ƙasar noma a gabas, kuma ba za ta ci ba muddin akwai Bayahude a bayanta.

Zargin da ya ɗora musu irin zargin maita ne a ƙauye: da zarar an ce wance mayya ce, in ta zo gaisuwar mara lafiya an ce ta zo lasar kurwa, in ta ƙi zuwa an ce ta san abin da ta yi. Bayahude mai kuɗi hujja ne cewa su ke juya jari-hujja a Landan da New York. Bayahude ɗan gurguzu irin Trotsky hujja ne cewa su ke juya Mosko. Wanda ya saje da Jamusawa an ce ɓad-da-kama yake yi, wanda ya riƙe al'adarsa an ce ya ƙi ƙasa. Aka haɗa da wata takardar jabu da ta fara fitowa a Rasha a 1903, mai cewa dattawan Yahudawa sun yi taron sirri don mallake duniya. Jaridar Times ta Landan ta tona asirinta a 1921, ta nuna daga wani tsohon littafin Faransanci da bai ma shafi Yahudawa ba aka kwafo ta. 'Yan Nazi suka ci gaba da buga ta. Abin takaici, har yau ana yaɗa ta a fassarori, har a cikinmu.

Ba ƙin Yahudawa ne ya kai 'yan Nazi kan mulki ba. A zaɓen 1928 kashi 2.6 cikin ɗari suka samu. Sai da tattalin arzikin duniya ya rushe, marasa aikin yi a Jamus suka kai miliyan shida, sannan suka samu kashi 37 a Yulin 1932. Da yawa sun zaɓe su ne don aiki da tsoron gurguzu, suka ɗauki zagin Yahudawa a matsayin surutun siyasa. Da Hitila ya hau a 30 ga Janairun 1933, shekarun farko kora ce manufarsa: aka sallami Yahudawa daga aikin gwamnati, aka ƙwace musu 'yancin zama 'yan ƙasa, aka tilasta musu sayar da kamfanoninsu a wulaƙance. Daren 9 ga Nuwamban 1938 aka ƙone wuraren ibadarsu, aka kama maza kimanin 30,000, sannan aka ci su tarar mak biliyan ɗaya a kan ɓarnar da aka yi musu. Fiye da rabin Yahudawan Jamus sun fice. Da wasu ma sun fita, amma ƙasashe 32 da suka taru a Evian a Yulin 1938 don duba batun masu gudun hijirar, kusan duk jaje suka yi, suka bar ƙofofinsu a rufe. Ranar 30 ga Janairun 1939 Hitila ya tsaya a majalisa ya ce in Yahudawa suka sake jefa duniya cikin yaƙi, sakamakon shi ne a shafe jinsinsu daga Turai. Wata bakwai bayan haka shi da kansa ya kunna wutar yaƙin.

Yaƙin ya mai da kora ta zama kisa. Cin Foland ya sa Yahudawa kusan miliyan biyu suka faɗo hannun Jamus, ga kuma ba inda za a kora su. Aka yi shawarar tura su tsibirin Madagaska, jiragen yaƙin Ingila suka sa ta wargaje. Aka kulle sama da mutum 400,000 a wata unguwa ta Warsaw, aka rage musu abinci, yunwa da zazzaɓi suka shiga yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Sai waɗanda suka haddasa yunwar suka mai da ita hujja. Ranar 16 ga Yulin 1941 wani jami'in rundunar SS ta 'yan Nazi a Poznan, Rolf-Heinz Höppner, ya rubuta wa Adolf Eichmann, mai kula da batun Yahudawa a rundunar, cewa abinci ba zai ishi Yahudawa a hunturu mai zuwa ba, don haka a duba ko ba zai fi zama jinƙai ba a gama da waɗanda ba sa iya aiki ta wata hanya mai sauri. Hanyar kuwa an riga an same ta: daga 1940 zuwa Agustan 1941 likitocin gwamnati sun kashe Jamusawa naƙasassu da masu taɓin hankali kimanin 70,000 da iskar guba, don an ce cima-zaune ne. Ma'aikatan wannan shiri, irin su Christian Wirth da Franz Stangl, su aka tura daga baya suka riƙe sansanonin mutuwa na Belzec da Sobibor da Treblinka.

Ranar 22 ga Yunin 1941 Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet, ƙasar da 'yan Nazi suka ɗauka gidan sarautar Yahudawa ce. Rundunonin kisa suka bi bayan sojoji. Da farko Yahudawa maza suke harbewa da sunan 'yan sari-ka-noƙe ne. Zuwa Agusta sun haɗa da mata da jarirai. A kwarin Babi Yar na birnin Kiyef, cikin kwana biyu a ƙarshen Satumba, suka harbe mutum 33,771, kuma su da kansu suka rubuta adadin suka aika Balin. A Oktoba aka haramta wa Yahudawa ficewa daga ƙasashen da Jamus ke riƙe da su. Wanda jiya ake korar sa, yau an kulle masa ƙofa. A Disamba harin Mosko ya cije, Amurka ta shigo yaƙi, Hitila ya tara shugabannin jam'iyyarsa ranar 12 ga wata ya tuna musu maganarsa ta 1939, ministan farfagandarsa Goebbels kuma ya rubuta a kundinsa cewa tunda yaƙin duniya ya zo, dole hallakar ta biyo baya. Ranar 20 ga Janairun 1942 manyan jami'ai goma sha biyar suka zauna a wani gida a bakin tafkin Wannsee, takwas daga cikinsu masu digirin dakta, da jerin Yahudawa miliyan 11 ƙasa-ƙasa a gabansu. Har da na Ingila da ba su ci ba, har da mutum 200 na Albaniya.

Masana tarihi sun daɗe suna gardama a kan ko Hitila ya tsara wannan tun farko ko kuwa abu ne ya yi ta haɓaka. Ba a samu takardar umarni da sa hannunsa ba. Ni dai na fi gamsuwa da cewa shi ya nuna alƙibla, jami'ai kuma suka riƙa rige-rigen faranta masa, kowa na neman ya fi ɗan'uwansa tsanani, shi kuma yana amincewa a kowace gaɓa. Shugaban SS, Himmler, ya fayyace tunaninsu a Poznan a Oktoban 1943, ya ce bai ga yadda zai kashe iyaye ya bar yara su girma su ɗauki fansa a kan 'ya'yan Jamusawa ba. Wata guda bayan haka, cikin kwana biyu, aka harbe Yahudawa ma'aikata kimanin 42,000 a yankin Lublin, da yawansu kayan sojojin Jamus suke ɗinkawa.

Aƙida tana buƙatar hannaye, kuma ba duk hannayen ne na masu aƙida ba. Asubahin 13 ga Yulin 1942 bataliya ta 101 ta 'yan sandan ko-ta-kwana ta isa ƙauyen Józefów a Foland. Kimanin mutum 500 ne daga Hamburg, magidanta masu shekara kusan arba'in, 'yan dakon tashar jirgin ruwa da direbobi da akawuna. Kwamandansu Wilhelm Trapp ya gaya musu aikin yana hawaye, ya ce dattijon da ba zai iya ba ya fito gefe. Kimanin goma sha biyu ne suka fito, ba a kuma hukunta su ba. Sauran suka wuni suna kai mutane daji, kowane ɗan sanda da nasa, yana tafiya da shi kafaɗa da kafaɗa kafin ya kwantar da shi ya harbe shi a ƙeya. Wasu sun zame daga baya da abin ya fi ƙarfinsu, amma kafin dare an kashe kusan 1,500. Masanin tarihi Christopher Browning, wanda ya bi bayanan da suka ba masu bincike bayan yaƙi, ya ga cewa abin da ya fi riƙe da yawansu shi ne kunyar abokan aiki, kada a ce su ragwaye ne sun bar wa wasu aikin ƙazanta. Shekarun farfaganda kuma sun riga sun koya musu cewa waɗannan ba mutane ne kamarsu ba.

Kwaɗayi shi ma ya yi nasa aikin. A Hamburg ɗin nan an yi ta gwanjon gadaje da kujeru da tukwanen waɗanda aka kwashe, mutanen gari na rububi, kowa kuma ya san daga inda kayan suka fito. Hukumar jiragen ƙasa ta Jamus kuɗin mota take caja a kan kowane kai da aka kai sansanin mutuwa, yara 'yan ƙasa da shekara goma rabin kuɗi, 'yan ƙasa da huɗu kyauta. A Faransa da Holan da Hangare da Romaniya da Yukren an samu 'yan ƙasa da suka taimaka, wani don ƙiyayya, wani don ya gaji gidan maƙwabcinsa. Kwaɗayin nan ya toshe bakunan mutane, amma ba shi ya tsara kisan ba.

Na san abin da ke sa wasunmu rufe kunne: Falasɗinu. Ni ma abin yana ci mini rai, ba na kuma neman kowa ya sassauta a kansa. Amma an kafa Isra'ila a 1948, yaron da aka shaƙe a Treblinka a 1942 bai ƙwace gonar kowa ba, kuma addininmu bai yarda a ɗora wa rai laifin wani ba. Musulmin wancan zamani sun rabu kamar kowa. Muftin Ƙudus, Amin al-Husaini, ya gana da Hitila a Nuwamban 1941, ya kuma yi masa farfaganda a rediyo. A gefe guda iyalan Musulmi a Albaniya sun ɓoye Yahudawa a gidajensu, ƙaramin jakadan Turkiyya a Rodos kuma, Selahattin Ülkümen, ya tunkari kwamandan Jamus ya ce waɗansu daga cikin waɗanda aka tara 'yan ƙasarsa ne, da matansu da mazansu, ya fitar da mutum arba'in da wani abu.

Kisan kuwa bai tsaya ba har ƙarshen yaƙin. Tsakanin tsakiyar Mayu da farkon Yulin 1944 an kwashe Yahudawan Hangare kusan 437,000, akasari zuwa Auschwitz. Da dakarun Sobiyet suka matso a Janairun 1945, aka tasa fursunonin sansanin kusan 60,000 a ƙafa cikin ƙanƙara zuwa yamma, wanda ya faɗi a harbe shi a gefen hanya. Ranar 29 ga Afrilu, Balin tana ci da wuta, sojojin Sobiyet na 'yan ɗaruruwan mitoci daga ramin da yake ɓoye, Hitila ya kira sakatariyarsa ya yi mata shiftar wasiyyarsa. A ciki ya ce ba shi ya so yaƙin 1939 ba, Yahudawa ne suka jawo shi, ya kuma ɗora wa magadansa alhakin riƙe dokokin jinsi da ci gaba da yaƙar Yahudawan duniya ba sassauci. Washegari ya harbe kansa.